Baƙin allo, farar takarda: a bar ɗalibi ya canza launin bango

A yawancin ɗakunan koyon kwamfuta akwai wata doka da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma kowane ɗalibi ya haddace ta: yadda ka tarar da allo, haka za ka bar shi. Idan ka zo ka ga manhajar AutoCAD da baƙin bango, da shi za ka yi zane har ka gama makaranta. A ganina wannan doka tana yi wa yaranmu illa, kuma lokaci ya yi da malaman zane a Yamai za su mai da canza launin bango darasi tun makon farko.

Kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD a 1982, zamanin da allon kwamfuta baƙi ne, rubutu kuma ke haske a kansa. Daga nan aka gaji baƙin bango. Yana da amfaninsa: a ɗaki mai duhu-duhu ba ya kashe ido, kuma layin rawaya da kore suna fitowa fes. To amma gado ne, ba wajibi ba. Launin bango ba ya cikin fayil ɗin zanen, yana cikin saitin kwamfutar ne. Ko ka mai da shi fari, ko toka-toka, tsawon katanga bai ragu da santimita ɗaya ba.

Dalili na farko shi ne takarda. Mu ɗauki Gamkalley, tsohuwar unguwar bakin Kogin Kwara da ke maƙwabtaka da yankin masana'antun Yamai. Yaron da ya tashi a nan ya koyi zane, abokan aikinsa su ne magini da mai walda da kafinta da mai haɗa wayar lantarki. Waɗannan ba allo suke kallo ba. Farar takarda ake miƙa musu a wurin aiki, cikin rana da ƙura.

A nan matsalar take. A AutoCAD launuka suna da lambobi: 1 ja, 2 rawaya, 3 kore, 4 shuɗi mai haske, 5 shuɗi, 7 kuma fari. Lamba 7 kaɗai ke juyawa da kanta: fara ce a baƙin bango, baƙa ce a farin bango. Sauran ba sa juyawa. Ɗalibin da ya rubuta ma'aunai da rawaya saboda ta yi masa kyau a baƙin allo, ranar da aka buga zanen da launi zai ga lambobin sun kusa ɓacewa. Idan kuma injin fari da baƙi ne, sai su fito toka-toka, dusu-dusu, sai fa idan ya san ya zaɓi tsarin bugu na monochrome.ctb, wanda ke mai da kowane layi baƙi. Magini da bai ga lamba sosai ba ba zai tsaya ba, zai ƙiyasta ne. A unguwar bakin kogi, inda mutane ba su manta da ambaliyar 2020 ba, ƙiyasi a kan tsayin harsashin gida ko gangaren magudanar ruwa ba ƙaramin abu ba ne. Da ɗalibin ya saba mai da bango fari kafin ya buga, da ya ga layin da zai ɓace tun a allo. Gani ya kori ji.

Dalili na biyu shi ne aji. Hasken rana a Yamai ba wasa ba ne, kuma ba kowane aji ke da labule ba. Majigi ba ya iya haska baƙi. Inda ya kamata a ga baƙi, launin bangon ɗakin ake gani. Saboda haka idan malam ya haska baƙin allo da rana tsaka, siraran layuka, musamman shuɗi da ja, ba sa isa ga na bencin baya. Sai a ce yaron ba ya mai da hankali, alhali bai gani ba ne. Akwai kuma yaran da idonsu ba ya rarrabe ja da kore sosai, abin da ya fi yawa ga maza, kuma da dama ba su ma san suna da shi ba.

Wasu kan ce baƙin bango yana rage cin batir, abin da ke da daraja a garin da ake ɗauke wuta. Wannan gaskiya ne ga allo irin na OLED. Amma akasarin kwamfutocin makarantunmu LCD ne, fitilar bayansu a kunne take ko allo baƙi ne ko fari. Mai son batir ya daɗe, ya rage ƙarfin haske.

Malamai suna da hujjarsu, kuma ban raina ta ba. Kwamfuta ɗaya ɗalibai da yawa ke amfani da ita. Idan kowa ya yi abin da ya ga dama, na bayansa zai rikice. Amma maganin wannan koyarwa ce, ba hani ba. A manhajar Faransanci da aka fi amfani da ita a Nijar, sai a rubuta OPTIONS, a shiga Affichage, a danna Couleurs, a zaɓi Arrière-plan uniforme, a sa launin da ake so. A wannan tagar kuma akwai maɓallin mai da komai yadda yake tun asali. Minti ɗaya ya isa. Dokar aji sai ta zama: canza, duba aikinka, ka mayar kafin ka tashi. Wanda ya fahimci wannan ba zai ruɗe ba idan gobe ya tarar da LibreCAD ko FreeCAD, manhajojin kyauta da su ma ake canza musu bango.

Abin da ya fi damuna ma shi ne tarbiyyar da hanin ke bayarwa. Yaron da aka tsoratar da taɓa launin allo, yaushe zai yi ƙarfin halin gyara ma'aunin bugu ko kaurin layi? Zai fito ya iya kwaikwayo, bai iya sarrafa kayan aikinsa ba.

Iyaye, ba sai kun iya kwamfuta ba. Ku ce wa ɗanku ko ƴarku su kawo muku zanensu a takarda, ku fita da shi tsakar gida, ku riƙe shi a tsawon hannu. Idan kun karanta kowace lamba, madalla. Idan ba ku karanta ba, magini ma ba zai karanta ba. Malamai kuma, kada ku ba da maki ga zanen da a allo kawai kuka gan shi.