Kafin ka saya wa yara zomo, ka tanadi inuwa

A hutun Ƙaramar Sallah ta 2024, wadda ta faɗo a watan Afrilu, na je gida Nguru da tsarabar da nake ganin ta fi kowace burge yara: 'yan zomaye biyu farare a cikin kwali. Na miƙa wa ɗan ƙanena, aka yi murna, aka sa su a kejin da ke jingine da bango ƙarƙashin rufin kwano, na kamo hanyar Abuja. Ba a yi mako biyu ba aka kira ni, yaron yana kuka, duka biyun sun mutu da tsakar rana. Laifin kuwa nawa ne, domin na ba da rai kyauta ban haɗa da sanin yadda ake riƙe shi ba.

Na tabbata ba ni kaɗai ba ne. Ma'aikaci ya saba komawa gida da abin faranta wa iyali rai, zomo kuma ba shi da tsada, ba ya ƙara, ba ya cin wuri. Ra'ayina shi ne duk wanda bai shirya inuwa da ruwa da harawa ba, bai kamata ya sayi zomo ba, komai roƙon da yara za su yi masa.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar zomon gida tamkar zomon dawa da maharba ke kora a jejin Bade da Machina. Jinsinsu daban ne. Na gida asalinsa yankin Sifaniya da Fotugal ne, inda kakanninsa ke haƙa rami su shige idan rana ta take. Ba ya gumi yadda mutum yake yi, ta kunnuwansa yake fitar da yawancin zafin jikinsa. Yanayin da ya fi dacewa da shi bai wuce digiri 15 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyos ba. Idan zafi ya haura 30 yakan shiga wahala, a 35 kuma rayuwarsa na cikin haɗari. A Nguru da Gashua zafi yakan wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu. Kejin da ke ƙarƙashin kwano a irin wannan lokaci tanda ce.

Maganin ba ya buƙatar lantarki. A ajiye kejin ƙarƙashin darbejiya ko rumfar zana, inda iska ke ratsawa kuma rana ba ta kai wa ko da la'asar. A rataya jiƙaƙƙen buhu a gefe guda, a sa tulun ƙasa mai ruwa a ciki domin zomon ya jingina da sanyinsa. Idan aka ga ya miƙe yana haki, kunnuwa sun yi ja, a shafa musu ruwa mai ɗan sanyi, amma kada a tsoma shi cikin ruwa. Kejin ya ɗaga daga ƙasa, ya sami ƙofa mai ƙarfi saboda kyanwa da gafiya da maciji.

Kuskure na biyu shi ne zancen da ake yaɗawa cewa zomo ba ya shan ruwa, ganye ya ishe shi. Wannan magana ta kashe zomaye da yawa. Yana sha, a lokacin bazara ma sosai, don haka a sa masa ruwa mai tsabta a kasko mai nauyi da ba zai kifar ba, a sauya safe da yamma.

Na uku shi ne abinci. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro har ya mutu, tauna busasshiyar ciyawa ce ke rage su, ita ce kuma ke sa hanjinsa aiki. Saboda haka busasshiyar ciyawa irin su ƙyasuwa ita ce tuwonsa, a haɗa da harawar gyaɗa ko ta wake, waɗanda ba su da wuyar samu a ƙasar da ke maƙwabtaka da dausayin Haɗeja da Nguru. Ganyen dankali da dusa ƙari ne, kaɗan kaɗan. Karas ɗin da ake nunawa a zanen yara abin marmari ne kawai. Kada a ba shi ragowar tuwo ko burodi ko ganyen da aka yi wa feshi, domin zomo ba ya iya amai: abin da ya shiga ya shiga. Idan ya yini bai ci ba kuma bai yi kashi ba, lamarin gaggawa ne, a nemi likitan dabbobi. Kada a ɗura masa maganin mutane, domin wasu ƙwayoyin kashe cuta dangin fenisilin suna halaka shi idan aka ba shi ta baki.

Sai kuma riƙo. Mun saba ɗaga zomo ta kunne, alhali hakan yana cutar da shi, kuma idan ya yi fizga ƙashin bayansa na iya karyewa. A tallafi ƙirjinsa da hannu ɗaya, ƙugunsa da ɗayan. Wanda ya haɗa mace da namiji ya sani cewa cikin zomanya kwana 31 ne ko kusa da haka, don haka ya yi lissafin bakunan da zai ciyar tun kafin su iso.

Wani zai ce a ƙasar da mutane ke fama da tsadar masara, maganar jin daɗin zomo almubazzaranci ne. Amsata ita ce duk abin da na lissafa bai wuce zana da tulu da damin harawa ba. Asarar tana wajen sayen dabbar a bar ta ta mutu. Sannan addininmu bai ɗauki lamarin da wasa ba: kowa ya san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Dabbar da ke cikin keji ba ta da mai shayar da ita sai wanda ya kulle ta.

Akwai kuma darasi ga masu aiki a ofisoshin tarayya. A 2024 aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya, muna da Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa a Shika kusa da Zariya, da ta binciken lafiyar dabbobi a Vom, ga Jami'ar Tarayya a Gashua. Duk jami'in da aka kawo wa takardar rabon ƙananan dabbobi ga mata da matasa, ya tambaya: a wane wata za a raba, wa zai koya wa masu karɓa, kuma da wane harshe? Rabon zomaye a arewacin Yobe a tsakiyar bazara ba tare da malamin gona ba, maimaita kuskurena ne da kuɗin gwamnati.

Bara na sake saya wa yaron zomo, amma sai da damina ta sauka, bayan mun kafa rumfa tare, na kuma koya masa sauya ruwa kafin ya tafi makaranta. Zomon yana nan da ransa. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma a irin wannan mutuwa, wanda ya saya ya miƙa ya hau mota shi ne maratayin.