Ciwon fitsari da likitan waya: abin da mutanen Daura ya kamata su sani kafin su sha maganin ƙwayoyin cuta

A 'yan shekarun nan mutane da dama a Daura, Mai'adua, Zango, Baure da Sandamu sun fara tuntuɓar likita ta waya, ko dai ta WhatsApp ko ta manhajojin ganin likita. Cikin ƙorafin da ake yawan kawowa akwai zafin fitsari, wanda jama'a kan kira sanyi. Tambayar da ke gabanmu ita ce: yaushe likitan waya ya isa ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma yaushe dole sai an je asibiti?

Mafi yawan ciwon mafitsara wata ƙwayar cuta ce mai suna E. coli ke haddasa shi, wadda asalinta daga hanji take. Mata sun fi kamuwa saboda bututun fitsarinsu gajere ne. Alamominsa su ne zafi lokacin fitsari, yawan jin fitsari amma ya fito kaɗan, da ciwon mara. Idan mace ce baliga, ba ta da ciki, ba zazzaɓi, ba ciwon baya, likita na iya gane ciwon daga bayaninta kawai, ya rubuta magani na kwana uku zuwa bakwai. A Ingila ma tun watan Janairun 2024 an ba masu harhaɗa magunguna izinin yi wa mata masu shekara 16 zuwa 64 maganin irin wannan ciwon ba tare da ganin likita ba. Don haka neman magani daga nesa ba laifi ba ne idan an bi ƙa'ida.

Matsalar mu a nan ita ce kalmar sanyi ta haɗe cututtuka daban-daban. Wata mace ƙaiƙayi da farin ruwa ke damunta, wanda sau da yawa naman gwari ne ko wata cutar farji, kuma maganin mafitsara ba ya taɓa shi. Wani namiji kuma cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa ce ke sa shi zafin fitsari, wadda ke buƙatar a yi wa shi da matarsa magani tare. Yaron da ke wanka a kududdufi ko a bakin dam, idan ya fara fitsarin jini a ƙarshen fitsari, tsargiya ake fara zargi, kuma maganinta praziquantel ne. Wanda ya rubuta wa likita cewa sanyi ke damunsa kawai, ya nemi a turo masa sunan magani, ya hana likitan bayanin da zai raba waɗannan.

Abu na biyu shi ne bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani. Binciken da aka wallafa a mujallar Lancet a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye sakamakon wannan bijirewa, kuma Yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. A Satumban 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da burin rage waɗannan mace-mace da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Magunguna irin su Septrin da ampicillin da aka daɗe ana saye a kemis ba tare da takarda ba, yanzu sau da yawa ba sa kashe E. coli. Ciprofloxacin ma yana bin sahu. Duk wanda ya sha rabin magani ya ajiye sauran saboda ya ji sauƙi, yana taimaka wa ƙwayar cutar ta koyi jure shi.

Akwai waɗanda waya ba ta isar musu ba, dole su je asibiti a duba su, a yi gwajin fitsari: mai juna biyu, domin ciwon na iya hawa ƙoda ko jawo haihuwa kafin lokaci, duk namiji, ƙananan yara, mai ciwon suga ko sikila, wanda ke da zazzaɓi, rawar sanyi, amai ko ciwon gefen baya, da wanda ciwon ya dawo masa sau da yawa ko bai ji sauƙi ba bayan kwana biyu da fara magani. Gwajin da ake shuka fitsari a ga ƙwayar da ke ciki da maganin da ke kashe ta kan ɗauki kwana biyu zuwa uku. Babban Asibitin Daura da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina su ne irin wuraren da ake zuwa idan lamarin ya wuce na waya.

Idan za ku yi amfani da likitan intanet, ku tambayi sunansa da lambar rajistarsa da Hukumar Likitoci ta Najeriya, MDCN. Likita na gaske zai tambaye ku game da ciki, zazzaɓi, magungunan da kuka sha kwanan nan, da ko wani magani ya taɓa yi muku illa. Zai kuma tambayi ƙarancin sinadarin G6PD a jini kafin ya rubuta nitrofurantoin, saboda ƙarancin ya yawaita a ƙasarmu. Wanda ya turo muku jerin magunguna kafin ya yi waɗannan tambayoyi, ko yake tallan haɗin maganin sanyi da zai aiko muku, ɗan kasuwa ne, ku guje shi. Ku sayi maganin a kantin da ke da lasisi, ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewarsa, ku sha shi har ƙarshe yadda aka ce.

Zafin bazara na Maris zuwa Mayu yana busar da jiki a Daura, fitsari ya ragu. Ku yawaita shan ruwa, kada ku riƙe fitsari, mata kuma su riƙa tsarki daga gaba zuwa baya.