Matafiyi, kada ka tara komai naka a waya ɗaya

Matasa da dama yanzu kan goya jaka su bi hanyar Legas zuwa Kwatano, Lome da Accra, wasu kuma su hau jirgi zuwa Alkahira ko Istanbul, don karatu, kasuwanci ko buɗe ido. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta bai wa 'yan ƙasashen ƙungiyar damar zaman kwana 90 ba tare da biza ba, ta ƙara sauƙaƙa irin wannan tafiya a yankinmu.

Da yake kuɗin otal ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, da yawa kan sauka a masaukin haɗaka, wanda ake kira hostal, inda mutum shida ko takwas ke kwana a ɗaki ɗaya a kan gadaje masu hawa biyu. Wani malamin makaranta Bajamushe, Richard Schirrmann, shi ya fara irin wannan masauki fiye da shekara 100 da suka wuce, don ɗalibai su samu wurin kwana mai araha.

Arahar ba ta da laifi. Laifin yana wajen matafiyin da ya zuba kuɗinsa, tikitinsa, adireshin masaukinsa da lambobin 'yan uwansa a waya ɗaya, sannan ya jona ta a caji a gefen gado ya tafi wanka.

Kakanninmu fatake, da ke zuwa Salaga a ƙasar Gonja sayen goro, sun san haɗarin hanya, shi ya sa suke tafiya cikin ayari ƙarƙashin madugu. Idan sun sauka a zango kuma akwai maigida, wanda ke ba su ɗaki, ya ajiye musu kaya da kuɗi, ya kuma tsaya musu idan rigima ta taso. A masaukin zamani babu wannan. Ma'aikacin da ya karɓi kuɗinka zai miƙa maka makulli ne kawai, kuma sau da yawa za ka ga sanarwa a bango cewa ba ruwansu da kayan da suka ɓata. Ke nan kai ne maigidan kanka.

Dabara ta farko ita ce raba ƙafa. Kuɗin kashewa na yini a aljihu, sauran a ƙaramar jakar da ake ɗaurawa a ƙugu a ƙarƙashin riga. Idan kana da katin banki biyu, kada su kwana wuri ɗaya. Fasfo da katin rigakafin shawara su ma a ware su daga wayar, domin duk ranar da aka haɗa aka ɗauke su, ka zama baƙon da ba shi da shaida, ba shi da kuɗi, ba shi da hanyar kiran gida.

Ta biyu, ka tafi da kwaɗonka. Yawancin masaukan nan na da akwatin ajiya, amma galibi baƙo ne ke kawo abin kulle shi. Ko banɗaki za ka shiga, ka kulle. Da dare kuwa, waya da fasfo su kwana a jikinka.

Ta uku, ka shirya wa sata tun kana gida. Danna *#06# a wayarka, lambar IMEI mai lambobi 15 za ta fito, ka rubuta ta a takarda. Ka kunna manhajar neman wayar da ta ɓata, akwai ta a Android da iPhone. Ka sa wa layinka lambar sirri, domin a Najeriya ɓarawo kan cire layi ya sa a wata waya, ya yi ƙoƙarin kwashe kuɗin asusu da shi. Ka yi hoton shafin farko na fasfo, kwafi ɗaya a ƙasan jaka, ɗaya a hannun wani na gida. Lambar bankinka da ta mutum biyu a gida su kasance a rubuce da biro.

Idan fasfo ya ɓata, a fara da ofishin 'yan sanda a karɓi rahoto, sannan a nufi ofishin jakadanci, inda ake bayar da takardar tafiya ta gaggawa don komawa gida. Mai kwafin fasfo a hannu ya fi saurin fita daga wannan wahala.

Wani zai ce wannan duk zargi ne, alhali daɗin tafiya shi ne sabo da mutane. Gaskiya ne, akasarin waɗanda za ka kwana da su matafiya ne irinka. Sai dai wanda ya kulle kayansa shi ne ke hira da kowa hankali kwance, wanda bai kulle ba kuwa da zarar abu ya ɓata sai ya zargi ɗaki gaba ɗaya, har da marasa laifi. Haka kuma jin Hausa a bakin mutum a ƙasar waje abin farin ciki ne, amma bai isa dalilin ba shi ajiyar fasfo a ranar da kuka haɗu ba.

Rai kuma ya fi kaya. Da ka sauka, ka duba ƙofar fita idan gobara ta tashi. Mata su tambayi ɗakin mata zalla, masauki da yawa na da shi. A sanar da gida sunan masauki da ranar tashi. In kuma ɗan fashi ya tare ka da makami, ka miƙa masa wayar. Idan ka raba ƙafa tun farko, waya kawai ka rasa, kuma za ka iya ci gaba da tafiyarka.