Mu Ceto Muryoyin Iyayenmu Kafin Su Ɓace

Yau a kan tsohuwar bidiyon gidanmu zan yi magana, irin mai cin kaset ɗin nan da yawancinmu muka jefa ƙarƙashin gado.

Watan jiya Hajiyarmu ta ce tana so ta ga kaset ɗin bikinsu. Muka kakkaɓe bidiyon muka jona. Hoto ya fito, ga tsakar gidanmu na Ali Kazaure, ga marigayi Kaka yana magana, amma ba a jin komai sai shuuu. Ƙannena suka ce a jefar, ai zamaninta ya wuce. Ni kuwa na ɗauke ta sai Dilimi, wajen wani dattijo mai gyara.

Da ya buɗe sai ya ce, "Yaro, matso ka gani." Ashe a kaset na gama-gari, sauti ba tare yake da hoto ba. Hoto, gangar nan mai juyawa ce ke karanta shi. Sauti kuwa yana kan wani siririn layi a gefen zaren kaset, kuma wani hed daban, wanda ba ya motsi, shi ke karanta shi. Idan hed ɗin ya yi datti ko ya karkace, murya ta tafi. Ya goge shi da sifirit, ya riƙa murɗa sukurori a hankali yana saurare, ya canza robar da ke matse zaren, ya cire kafasita biyu da suka bushe. Daga ƙarshe ya gyara mafitar sautin yadda zan iya jona ta da kwamfuta.

Na ce, "Baba, mu sa namu?" Ya ce a'a, a fara gwadawa da tsohon fim. In bidiyo ta tauna gefen zare, to muryar ta tauna.

Da muka sa namu a gida, sai ga muryar Kaka tana tashi. Bayan addu'a, yana ba baƙi labarin yadda mahaifinsa ya taho Jos daga ƙasar Kano zamanin haƙar kuza, da unguwar da ya fara sauka. Hajiya ta yi kuka. Ni ban taɓa jin muryarsa ba sai ranar.

To jama'a, ga ra'ayina. Mu da kullum ake tambayarmu yaushe muka zo garin nan, bai kamata mu yi sakaci da irin wannan ba. Takardu da hotunan mahaifina da yawa sun tafi a gobarar babbar kasuwar Terminus ta 2002. Wasu nasu sun ƙone a rikicin 2001 ko na 2008. Abin da ya tsira yana cikin kwali, fumfuna na cin sa duk damina. Hoto zai nuna fuska kawai, amma sunaye da asali a murya suke.

Kuma lokaci ba ya jira. Tun 2016 kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera bidiyon, ya daina. Masu gyaran ma tsufa suke yi, yaransu duk sun koma gyaran waya.

Don Allah kowa ya duba gidansu. A gyara, a juye a kwamfuta, a tura wa dangi, kuma kada a yar da kaset ɗin. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da garinmu lafiya, amin.