Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gaya ya san ma'anar jingina. Manomi a Gafasa ko Ajingi, idan rumbu ya ƙare tun bazara, ko ciwo ya kwantar da iyali, sai ya jinginar da gonarsa ga mai hali. Mai kuɗin ya riƙa nomanta yana cin amfaninta har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa cif. Ko shekara goma aka yi ba a fansa ba, gona tana hannunsa, kuma babu Dagaci ko Hakimin da zai buɗe baitulmali ya fanso ta. Doka ce mai tsanani, amma kowa ya san wanda ya ci bashi, kuma shi ke ɗaukar nauyinsa. Tambayar da muke so mu ajiye gaban 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata ita ce: me ya sa dokar ke sauyawa idan mai cin bashin attajiri ne, mai bayarwar kuwa banki?

A Amurka aka fara ganin abin a fili. Bankuna suka yi ta ba mutane bashin sayen gida, gidan ne jingina, alhali sun san da yawansu ba su da halin biya. Suka ɗaure basussukan dami-dami suka sayar wa masu jari a duniya, suka karɓe ladansu nan take. Da farashin gidaje ya faɗi sai asiri ya tonu. Bankin Lehman Brothers ya durƙushe ran 15 ga Satumba 2008, a watan Oktoba kuwa majalisar ƙasar ta amince da dala miliyan dubu 700 don ceto sauran. Miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu, amma da wuya a nuna manyan shugabannin bankin da suka kwana a kurkuku.

Tamu jinginar ba ta gida ba ce, ta hannun jari ce. A 2004 Babban Bankin Nijeriya, a zamanin Charles Soludo, ya ɗaga jarin da ake bukata ga kowane banki daga naira miliyan dubu 2 zuwa miliyan dubu 25, bankuna 89 suka narke suka koma 25. Kuɗi suka yi musu yawa. Sai suka shiga ba da rance don a sayi hannun jari, wani lokaci ma nasu na kansu, su riƙe takardun a matsayin jingina, suka kuma zuba dukiya ga masu shigo da man fetur. A 2008 kasuwar hannun jari ta rushe, gangar mai ta faɗo daga kimanin dala 147 a watan Yuli zuwa ƙasa da 40 a ƙarshen shekara. Takardun jingina suka zama kamar busasshen ganye.

Ran 14 ga Agusta 2009 sabon Gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sallami shugabannin bankuna biyar, wato Intercontinental da Oceanic da Union da Afribank da Finbank, ya zuba musu naira miliyan dubu 420. A watan Oktoba aka ƙara miliyan dubu 200 ga waɗansu. A 2010 aka kafa hukumar AMCON don ta saye ruɓaɓɓen bashin daga hannun bankuna ta bi masu shi.

To, laifin wane ne? Mu dai ra'ayinmu shi ne alhaki yana bin sani da cin moriya. Na farko su ne shugabannin bankunan, waɗanda aka ba amanar ajiyar jama'a suka ranta wa kansu da abokansu. Na biyu manyan masu cin bashin, waɗanda Babban Banki ya buga sunayensu a jaridu a 2009. Idan ɓera da sata, ai daddawa ma da wari, saboda haka na uku su ne hukumomin da aka ɗora wa duba littattafan bankuna, suka yi shekaru suna kallon riba ta ƙarya suna sa hannu. Ƙaramin ma'aikacin da ya kwashe ɗan abin da ya tara ya sayi hannun jari don ya ji ana yayi, kwaɗayi ya ja shi, amma shi ya riga ya biya nasa da asarar da ya yi.

Masu kare ceton suna cewa da an bar bankunan sun faɗi, ajiyar talakawa ce za ta salwanta, albashi ya tsaya, fatauci ya mutu. Wannan magana gaskiya ce, mun yarda da ita. Ceton mai ajiya wajibi ne. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a fake da mai ajiya a ceci mai cin bashi. A duba abin da ya biyo baya. A Oktoba 2010 kotu ta ɗaure Cecilia Ibru ta Oceanic wata 6, ta kuma karɓe dukiyar da ta kai kimanin naira miliyan dubu 190. Francis Atuche na Bank PHB sai a 2021 aka yanke masa hukunci, shekara 12 bayan sallamarsa. AMCON kuwa da bakinta ta sha faɗa cewa mafi yawan tiriliyoyin nairar da take bi suna wuyan mutane da kamfanoni 350 kacal.

Wa ya cike gurbin? Gwamnatin Tarayya ce ta tsaya wa takardun bashin AMCON, wato dukiyar kowa da kowa. An aza wa bankuna wani haraji na shekara-shekara, wanda a ganinmu daga aljihun masu ajiya yake fitowa ta hanyar cire-ciren da aka saba. Manomin Gafasa, wanda gonarsa ta gado ba ta da takardar mallaka da banki zai karɓa, bai taɓa cancantar rancen kwabo ba, amma yana cikin waɗanda suka tsaya wa bashin da bai gani ba.

Muna kira ga Majalisar Tarayya da ta wajabta buga cikakken lissafin abin da aka karɓo da abin da ya saura, da sunaye, a kowace shekara. Wanda ake bi bashin jama'a kada a ba shi kwangila ko muƙami sai ya biya. A kuma ware kotuna masu wa'adi ga irin waɗannan shari'u. Mu kuwa da muke azuzuwan tattalin arziki da lauya da akanta, gobe mu ne masu binciken littattafan nan. Ranar da aka turo mana lissafin da bai daidaita ba, tare da ambulan a ƙarƙashinsa, mu tuna cewa sa hannunmu jinginar da dukiyar mutanen da ba a shawarta ba ne.