Kwas Ɗin Nutso Daga Jirgi: Ilimi Ne Ko Tatsar Kuɗi?

Akwai wata muhawara tsakanin masu nutso a teku da tukunyar iska, kuma ina so in tsoma baki a cikinta. Ƙungiyar PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, tana ba wanda ya gama kwas na farko takardar shaidar nutso har zurfin mita 18. Bayan wannan akwai ƙananan kwasa-kwasai na musamman, ciki har da na nutso daga jirgin ruwa, wanda nutso biyu ne kawai tare da malami. Wasu suna cewa wannan dabarar tatsar kuɗi ce, tunda masu jirage ba su cika tambayar wannan takarda ba. Ni kuwa a ganina kwas ɗin ya ci kuɗinsa.

Wanda ya koyi nutso daga gaɓa, da ƙafarsa yake shiga ruwa, da ƙafarsa yake fita. A tsakiyar teku kuwa jirgin ne gaɓarsa, kuma gaɓa ce mai motsi, mai farfela. Dole ya san yadda ake faɗawa ruwa da baya daga ƙaramin kwale-kwale, da yadda ake bin igiyar anga wajen sauka. Dole ya san cewa ana fara tafiya ne ana fuskantar inda ruwa yake turowa, domin idan ƙarfi ya ragu, iska ta yi ƙasa, ruwan ya taimaka masa ya komo. Haka nan ba a tsayawa a ƙarƙashin tsani lokacin da wani yake hawa, don idan ya zame, shi da tukunyar ƙarfen da ke bayansa a kanka za su sauka. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu, to ina ga duhun ƙarƙashin teku?

A watan Janairun 1998 wani jirgi ya tafi ya bar ma'aurata 'yan Amurka, Tom da Eileen Lonergan, a tekun Kwinslan ta Ostareliya saboda kuskuren ƙidaya. Sai bayan kwana 2 aka lura, da aka ga jakarsu a jirgin. Ba a ga gawarsu ba. Laifin na ma'aikatan jirgi ne, kuma ba zan ce kwas zai cece su ba. Amma wanda aka horar ya san haƙƙinsa ne a kira sunan kowa kafin jirgi ya tashi, kuma ba ya shiga ruwa ba tare da usur da doguwar balan-balan ta alama ba.

Inda na yarda da masu suka shi ne batun katin kansa. Wanda ya yi shekaru yana nutso daga jirgi tare da ƙwararru bai buƙatarsa. Sabon shiga nake wa magana, wanda zai ji kunyar yin tambaya a gaban baƙi, alhali a kwas an biya malami ne don a tambaye shi.

Sai dai kada wani ya ɗauka wannan takarda za ta ba shi aikin nutso a kamfanonin mai na yankin Neja Dalta. Wancan sana'a ce dabam, da horonta mai tsawo da takardunta. Wannan ta masu nutso don shaƙatawa ce.