DAGA ALLON MALAM: Walimar Da Ba A Manta Ba

A watan jiya na nuna wa 'yan ajina hoton wani zane daga ƙasar Holan. Mutum 25 ne a zauren cin abinci, ga tuta ga ganga, kowa ya ci ado. A gefen dama shugabansu, Kyaftin Cornelis Witsen, yana riƙe da ƙahon azurfa na sha, yana musabaha da mataimakinsa. Wani yaro ya ce, “Malam, bikin aure ne?” Na ce masa a'a, bikin sulhu ne.

Bartholomeus van der Helst ne ya zana shi a 1648. A shekarar ne Holan da Sifen suka sa hannu kan yarjejeniyar Munsta, bayan shekara 80 ana gwabza yaƙi. Dakarun tsaron birnin Amstadam suka yi walima ranar 18 ga Yuni, suka kuma sa a zana su. Faɗin zanen ya haura mita 5, yana nan a gidan tarihi na Rijksmuseum har yau. Mutanen nan ba baƙinmu ba ne, domin su suka riƙe Elmina daga 1637 zuwa 1872.

Ba giyar da ke teburin nake yabo ba, jama'a. Abin da ya burge ni shi ne sun ga ranar sulhu ta isa a kashe mata kuɗi don jikoki su gani.

Mu fa? Na tambayi yaran labarin yaƙin zabuwa na 1994, wanda ya taɓa Salaga da Yendi. Hannuwa suka tashi, kowa da abin da ya ji a gida. Da na tambayi yarjejeniyar Kumasi ta 1996 wadda ta kashe wutar, ajin ya yi tsit. Haka kowa ya san an kashe Ya-Na Yakubu Andani II a 2002, amma kaɗan ne za su iya bayyana yadda aka sasanta har aka naɗa Ya-Na Abukari II a 2019. A Bawku kuwa, rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya faro tun shekarun 1950.

Mu 'yan zango mun san kuɗin fitina. Yaƙin Salaga na 1892 ne ya watsa kakanninmu fatake zuwa Kete-Krachi da Yeji. Idan kasuwa ta tashi, mu ne farkon masu asara.

Yaron da ya girma da labarin yaƙi kaɗai, shi zai ɗauka gado. Don haka ina roƙon malamai da limamai da sarakunan zango: a koya wa yara ranakun sulhu da sunayen waɗanda suka yi shi. A manna hotunansu a bangon aji. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.